Barajin ƙasa a gonarmu: yana tsare gari daga ambaliya ko shi ne zai kawo ta?

Ɗan Adar mazaunin Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ruwa, don maganar ta kai inda ni da yayana ba ma iya zama mu gama ta sai murya ta tashi.

Muna da gonar gado a wani ƙauye da ke yankin Badagishiri, a bakin wata ƙaramar korama da ke gangarowa daga fako ta faɗa fadama. Tun muna yara koramar nan ba ta riƙe ruwa. Hadari ya zuba, ta taso ja wur, ta kwashi abin da za ta kwasa, kashegari da hantsi ba abin da za ka tarar sai yashi da karmami. Da yayana ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannunsa, sai ya ɗauko hayar katafila aka turo ƙasa aka datse ta. Tsawon jingar zai kai mita 80, tsayinta a tsakiya kamar mita 4. A gefen arewa an bar wata kafa aka jera mata duwatsu, ta nan rarar ruwa ke fita. Babu injiniya, babu takarda. Direban katafilar ne ya ce ya taɓa yin irinsa, aka yarda da shi.

Amfani kam an samu, ba zan ɓoye ba. Rijiyoyin da ke ƙasa da barajin sun daina ƙafewa da wuri, muna yin albasa da tumatir da shu a rani, yaran gidanmu biyu da a da suke tafiya cin rani yanzu suna gida. Mutanen unguwar da ke gangare, gidaje kamar ashirin da lakwal guda, da farko har godiya suka zo yi, wai tun da aka datse koramar ruwa bai ƙara shiga musu ɗaki ba.

To yanzu yashi ya ci cikin barajin. Ruwan da a da yake kai mu watan Maris, bana kafin ƙarshen Janairu ya zama taɓo. Yaya ya ce maganin abin mai sauƙi ne: a jera buhunan ƙasa layi biyu a bakin mafitar nan, ruwa ya ƙara hawa kamar kamu ɗaya, shi ke nan an mayar da abin da yashi ya cinye. Har ya sayi buhunan. Ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda abu uku da na gani da na je gida. A gindin jingar ta baya akwai wani wuri da kullum yake jiƙe, ciyawa kore shar ko da kewaye ya bushe. Bagaruwa da ƴan dogon yaro sun fito a jikinta, wasu sun fi ni tsawo, Yaya ya ce saiwarsu ce ke riƙe ƙasar. Kuma shanu sun yi hanya ta kan jingar, wurin ya ɗan lotsa.

Garin ma ya rabu. Wasu na cewa barajin ne garkuwarsu, a ƙara masa ƙarfi. Wani dattijo da gidansa ya fi kusa ya ce shi tun damanar 2024 in hadari ya haɗu da dare ba ya barci. Maigari ya ce mu ƴan gida mu fara daidaitawa tukuna.

Tambayata: da gaske ƙaramin baraji irin wannan yana hana ambaliya? Kuma buhunan nan, a bari ya jera ko in tsaya kai da fata? Yayana ne, shi ya zuba kuɗinsa, ba na so in zama ƙanen da ke zaune a birni yana koya wa manya noma. Amma mutane ne ke kwana a ƙarƙashin abin.

Tsohon ma'aikacin Jeni Rural:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a Jeni Rural na yi aiki, wato ma'aikatar gwamnati mai kula da baraji da ayyukan ruwan noma a karkara. Zan fara da buhuna, don su ne na gaggawa: kada a jera ko ɗaya. In an riga an jera, a kwashe kafin ruwan farko. Ka kai wa yayanka wannan saƙo ka ce in ji wani tsoho da ya ci abincinsa a bakin baraji.

Jingar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara da shekaru matuƙar ruwan yana gabanta. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ya tsallaka, yana gangarowa ta baya da gudu, ya fara yankar ƙasa daga ƙasa zuwa sama, ramin ya yi ta cin baya har ya iso ga ruwan. Daga nan ba a maganar kwanaki, wani lokaci ko awa ɗaya ba a cikawa. Wannan kafa da kuka bari a gefe, wadda mu muke kira debasuwar, ita ce ran barajin gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanin ƙasan mafitar da saman jingar ita ce kaɗai abin da ke tsakanin mutanen gangare da masifa, kuma ita ce yayanka yake so ya sayar don ya sami ruwan wata guda.

Mu zo ga tambayarka ta ambaliya, mu yi lissafi, don abin ba na gardama ba ne. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 mita kub 10 ne, wato durom 50. Ban ga wurinku ba, amma a ce duk ƙasar da ke zubo ruwa cikin koramarku hekta 150 ce, wanda ga koramar Adar ƙarama ce ƙwarai. A yi ruwa milimita 60 a dare guda, abin da duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ana yi a Agusta. Mita kub 90,000 ke nan suka sauka. Ba duka ke gangarowa ba, amma fakonmu dutse ne da marmara, ba ya shan ruwa. Ko kashi ɗaya cikin uku ne ya taho, 30,000 ne. Barajinku fa? In fuskar ruwan ta kai hekta 2 in ya cika, zurfinsa a bakin jinga mita 3, to cikinsa bai wuce wajen mita kub 20,000 ba, ranar da aka gina shi ke nan, kafin yashi ya shiga. Ka ga ruwan dare ɗaya ya fi cikinsa.

Shi ya sa mutanen gangare suka ga sauƙi kuma suka yi godiya, ba ƙarya suka yi ba. Ruwan farkon damana yana tarar da baraji wayam, sai ya haɗiye shi. Ƙananan ruwa ma yana rage musu kaifi. Amma randar da ta cika, ko ludayi ɗaya ka ƙara mata zuba zai yi. Babban ruwa kuma ba a Yuni ya saba zuwa ba, sai tsakiyar damana, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, baraji ya cika fal. A ranar abin da ya shigo shi zai fita, ragin kaɗan ne. In mafita ta isa, mutanen gangare za su ga ambaliya irin wadda kakanninsu suka sani. In ba ta isa ba, za su ga wannan ambaliyar haɗe da duk ruwan da kuka tara tun farkon damana, a lokaci guda, da laka da itace. Barajin da aka gina musamman don tare ambaliya ana barinsa kusan babu ruwa, da bututu a ƙasa yana tsiyayewa kullum, don ya sami cikin karɓar na gaba. Naku na ajiya ne, so kuke ya cika. Ayyuka biyu ne masu jan igiya, kada wani ya sayar wa mutanen gari da ɗaya da sunan ɗayan.

Wurin da ke jiƙe: duk jingar ƙasa tana ɗan tsattsafo, wannan kaɗai ba abin firgita ba ne. Abin dubawa shi ne launin ruwan da yawansa. Ka ɗebo shi a kwalba mai haske ka ajiye ya kwana. In garau yake, kuma bai ƙaru daga mako zuwa mako ba, a sa ido kawai. In ka ga laka ko yashi ya kwanta a gindin kwalbar, ko ka ga ruwan yana ɓulɓulowa ya tara ɗan tsibin rairayi kewaye da bakinsa, to ruwa ne ke sace cikin jingar yana yi wa kansa hanya, kuma hanyar faɗi take ƙarawa. Abin da ya sa nake zargi shi ne yadda ka ce aka gina ta. Aikin ƙa'ida, ana fara haƙa rami a tsawon gindin har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a cika shi da yumɓu, sannan a riƙa zuba ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe, kafin a ɗora ta gaba. Katafila ita kaɗai turawa take yi, ba ta daɓewa yadda ya kamata. In a kan yashin koramar aka ɗora jingar kai tsaye, ruwa ta ƙarƙashinta yake bi.

Itatuwa kuma yayanka bai yi daidai ba. A bakin korama saiwa tana riƙe ƙasa, gaskiya ne. A jikin jinga saiwa ruwa take nema, ta ratsa daga baya zuwa gaba. Ranar da icen ya mutu ko iska ta tumɓuke shi, ramin saiwar ya zama bututu. Ƙanana a cire su yanzu da saiwarsu, a cika ramin da yumɓu a daɓe. Manyan kada ku taɓa su sai rani da ruwa ya janye, kuma a gaban wanda ya san aikin. Abin da ake so a jikin jinga ciyawa ce mai shimfiɗa. Ka duba kuma ko akwai suri ko ramin gafiya da kurege.

Hanyar shanun nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ta fi damuna. Tsayin jinga ba a auna shi a inda ta fi tudu, a inda ta fi lotsawa ake aunawa, don nan ruwa zai fara tsallakawa. Ka samo tiyon nan mai haske da magina ke daidaita gini da shi, ku auna min tazarar da ke tsakanin ƙasan mafita da wannan lotsawar, da faɗin mafitar. Ka dawo da lambobin.

Uwar gida daga Harobanda:

Baba ya gama magana ta ilimi, ni ta wanda ya kwana a ƙarƙashin ruwa zan yi. A Satumbar 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, digi, wato jingar da ke tare kogin, ya ɓalle ta wajen Lamorde, ruwa ya shiga unguwanninmu na wancan ƙetare. Mu ma abin da muke faɗa kafin ranar ke nan: ai akwai digi. Saboda akwai digi mutane suka yi gini a inda iyayenmu ba sa ko ɗaure akuya. Ƙanena, ka tambaya a garinku, cikin gidaje ashirin ɗin nan nawa aka gina bayan an datse koramar? Na tabbata za ka samu waɗanda suka matso gangare don sun ga ruwa ya daina zuwa. Waɗannan barajinku ne ya kira su, nauyinsu yana wuyanku.

Kuma ka yi haƙuri, maganar "ba na so in zama ƙanen da ke koya wa manya" ba ta shige ni ba. Kunyar yaya daban, ran ƴaƴan mutane daban. In ba ka iya faɗa masa ido da ido, ka samu kawunku ko limamin gari ya faɗa masa. Kuɗinsa ne, gonarku ce, amma ruwan in ya ɓalle ba a gonarku zai tsaya ba.

Abu guda da babu wanda ya ambata: wa zai tada mutane? Ruwa da dare yake zuwa. Ko da kun gyara komai, a samu mutum biyu masu waya da tocila waɗanda aikinsu ne su je bakin barajin duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, a kafa sanda da alamar fenti, in ruwa ya taɓa alamar a buga wa ladan ya faɗa a lasifikar masallaci, kowa ya san tudun da zai nufa. Tsofaffi da masu jego a san wanda zai ɗauke su tun yanzu. Ku kuma hana yara wanka a wurin, laka tana riƙe ƙafa, ga tsargiya.

Mai albasa, Kwanni:

Ni kam ina ganin an ɗan tsorata yaron nan fiye da kima. Baba, da girmanku, in aka bi ta taku kowa sai ya rushe abin da ya gina ya koma jiran damana. Mu nan Kwanni da me muke noman rani in ba da barajin Mozage da na Zango da ke kan Maggiya ba? Keita fa? Wanda ya san Keita kafin aikin da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya san abin da tare ruwa ya yi wa ƙasar. Ruwan Adar in ba ka tare shi ba Najeriya yake tafiya ya bar ka da zaizaya. Yayan wannan bawan Allah ya yi abin da gwamnati ba ta yi musu ba, da guminsa. A yaba masa tukuna.

Amma a kan buhuna ina bayan Baba, ba don lissafi ba, don na ga yadda abin ke ƙarewa: bana layi biyu, baɗi yashi ya ƙaru a ce layi uku. Yashi ba ya daina zuwa. Manyan ma da injiniyoyi suka gina yashi na cin su, a tambayi mutanen Ibohaman. Ciwon yana can sama a fako, can ake maganinsa. Abin da aka yi a Keita ba baraji kaɗai ba ne, sai da mata suka hau tudu suka jera duwatsu, aka haƙa ramuka, aka dasa itace, ruwa ya rage gudu tun daga kan dutse. Ku yi layin duwatsu da ramuka masu siffar rabin wata a saman gonar, ku sa gabiyon, wato ragar waya da ake cika da duwatsu, biyu ko uku a cikin koramar kafin ta iso barajin, yashi ya riƙa kwanciya can. Wanda ya riga ya shiga kuma, a rani ku kwashe da amalanke ku zuba a gona, lakar nan taki ce. Kada dai a haƙa dab da gindin jingar.

Sannan ku daina kallon ruwan da ke sama kawai. A bazara rana da iska suna shan kusan santimita ɗaya a yini daga buɗaɗɗen ruwa. Ribar barajinku ta gaskiya tana cikin rijiyoyin nan da ka ce sun daina ƙafewa. Shi ya sa a kwaruruwan jihar Tawa Jamusawa suka fi ba da ƙarfi ga ƙananan shingayen siminti da dutse masu baza ruwa a fadama: ruwa ya bi ta kansu ya wuce, ƙasa ta sha, a yi rijiya a ɗebo da inji. In ruwan sama ya ƙare a Janairu amma rijiya tana ba ku har Afrilu, me aka rasa?

Malamin makaranta, Illela:

Ƙari kaɗan ta fuskar doka, tunda ka ce babu takarda. Gonar taku ce, amma ruwan korama ba na mai gona ba ne. Dokar ruwa ta ƙasa ta 2010 ta sa aikin da ke tare ruwa ko canza masa hanya ƙarƙashin sanarwa ko neman izini, gwargwadon girmansa. Tsarin dokar karkara na 1993 kuma shi ya kawo kwamitocin filaye, Kofo, tun daga na ƙauye har na komin da na departama. Ka fara da na ƙauyenku da hukumar komin ɗinku, su haɗa ka da ma'aikatan Jeni Rural na departama. Mutane suna gudun zuwa don tsoron a ce a rushe. A ganina gara ka je da ƙafarka yau da a kira yayanka gobe bayan an yi asara, don ranar ba wanda zai tuna godiyar da aka zo yi muku.

Ka bincika kuma ko koramar tana kan burtali ko tsohuwar mashaya ce. Shanun da suka yi hanya a kan jingar ruwa suke nema, kuma makiyaya suna da haƙƙin kaiwa ga ruwa. In ka toshe da ƙaya ba tare da ka buɗe musu wata hanyar ba, ka sayi wata rigimar. A zauna da su a ware musu gefe guda can sama inda gaɓar ba ta da tsayi.

Ga Mai albasa: ba wanda ya ce a rushe. Amma manya ma suna ɓallewa. Bagauda ta Kano ta tafi a Agustan 1988, Alau ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024, kuma waɗannan suna da ma'aikata da ofis. Na ƙauye ba shi da kowa sai mai shi.

Ɗan Adar mazaunin Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na sa ƙanenmu da wani magini sun auna da tiyo kamar yadda kuka ce. Faɗin mafitar mita 6 ne. Daga ƙasanta zuwa saman jingar, a yawancin wurare mita 1 ne ko kusa da haka, amma a hanyar shanu santimita 70 ne kacal. Buhu layi biyu da Yaya ke nufi zai kai santimita 40. Sun kuma ce duwatsun da aka jera a ƙarshen mafitar ruwa ya kwashe wasu, ya haƙa rami a wurin, ramin yana matsowa wajen gindin jingar. Ruwan kwalba ya kwana, sun turo min hoto: sama garau, amma akwai ɗan abu fari-fari siriri a ƙasa, ban sani ba ko daga kwalbar ne. Sun ga suri guda a gefen kudu.

Hajiya, na tambaya. Gidaje shida ne sababbi, kuma su suka fi kusa da bakin koramar. Maganar kawu kuma ita na bi, shi zai zauna da Yaya ranar Juma'a bayan masallaci. Yaya dai ya ce shi ba ya ƙin gyara, kuɗin katafila ne babu, kuma albasar bana ba ta yi kuɗi ba. To Baba, in ba za a iya yin komai da komai kafin damana ba, wanne za a fara?

Tsohon ma'aikacin Jeni Rural:

Madalla, yanzu muna magana da lambobi. Mafita mai faɗin mita 6, in ruwa ya hau santimita 70 a kanta, tana fitar da wajen mita kub 6 a daƙiƙa, kuma a lokacin ruwa yana leɓen hanyar shanu ke nan, ba sauran tazara. In aka sa buhuna, santimita 30 suka rage, abin da za ta iya fitarwa bai kai mita kub 2 ba. Koma ga ruwan da muka lissafa: mita kub 30,000 in suka taho cikin awa biyu, matsakaicinsu ya haura 4 a daƙiƙa, ƙololuwarsu kuma tana iya ninka haka. Wato ko ba buhu mafitarku ta yi kaɗan, Allah ne ya rufa asiri. Ka nuna wa kawunku wannan, ya fi dogon wa'azi.

Ba sai da katafila ba. Aikin gayya ne da diga da shebur da amalanke. Ku fara da hanyar shanu: a kankare busasshiyar ƙasar sama, a jiƙa, a zuba yumɓu kaɗan-kaɗan ana daɓewa har ta zo daidai da sauran, a ɗan ɗara don za ta zauna. Sai faɗaɗa mafita, ku ci ta gefen tudu, ba ta gefen jingar ba, ku nufi mita 15. A haka ruwa santimita 50 a kanta zai fitar da wajen 9 a daƙiƙa, ku kuma kuna da sauran rabin mita. Ƙasar da kuka haƙo, in mai laka ce, ita za ku ƙara wa bayan jingar kauri da ita. Ramin da ke ƙarshen mafitar kada a raina shi, shi ne ke cin baya: a cika shi da manyan duwatsu cikin ragar gabiyon, a karkatar da bakin ruwan ya sauka nesa da gindin jingar. In akwai kuɗin abu ɗaya tak da za a saya, ragar nan ce. Surin a haƙe shi har uwar garar, a cike da yumɓu.

Maganar kwalba, a sake da wankakkiya, a ɗebo a hankali ba tare da an tada ƙasa ba, sau biyu a mako. Kada kowa ya toshe wurin da laka ko siminti, ruwan zai nemi wata kafar ne inda ba ku gani. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa yashi mai tsabta a kai, sai tsakuwa, sai duwatsu, ruwa ya fita ƙasa ta tsaya. In kuka ga ya yi duhu ko ya ƙaru alhali ruwan barajin bai ƙaru ba, a sa injin ban ruwa da tiyo a rage barajin, mutanen gidaje shidan nan su kwana a tudu.

Mai albasa, ban ce a rushe ba, kuma maganarka ta duwatsu a fako daidai ce, sai dai aikin shekaru ne, damana kuma saura ƴan watanni. Lissafina ma a kan hekta 150 na ƙiyasta shi daga nan inda nake zaune. In ƙasar da ke zubo musu ruwa ta ninka haka, mita 15 ma ba za ta isa ba. Don haka ɗana, bi shawarar Malam, ka je Jeni Rural na departamarku ka roƙi a turo wanda zai taka wurin ya duba taswira ya faɗa muku girmanta na gaskiya. Ka tafi da lambobin nan a rubuce da hotunan ramin, ka kuma tanadi kuɗin man babur ɗinsa.